Manhajarka na aiki a kwamfutarka, amma ta ƙi tashi a shagon Alhaji

Wani ƙanena ya rubuta 'yar manhajar lissafin kaya da Python don wani mai shago a Terminus, nan Jos. Ya haɗa ta da PyInstaller, manhajar da ke dunƙule aikin Python don ya tashi a kwamfutar da ba ta da Python, ta koma fayil ɗin exe, irin wanda ake dannawa ya buɗe a Windows, ya kai a filasha. Alhaji ya danna sau biyu, baƙin allo ya ƙyafta ya ɓace. "Wallahi Alhaji, tana aiki a wurina," in ji yaron. To ai dole, tunda Python da duk tarkacensa na zaune a kwamfutarsa.

Kuskuren farko shi ne buɗe fayil ɗin da linzami. Shiga cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka kira shi da sunansa, saƙon matsalar zai tsaya har ka karanta. Kada kuma ka sa --windowed a umarnin PyInstaller tun ba ka gama gwaji ba, don yana ɓoye allon da ke faɗa maka ciwon.

In saƙon ya ce ModuleNotFoundError, PyInstaller ne bai ga wani library ba, wato ƙunshin lambobin Python da manhajarka ke aro. Layukan import da ke rubuce a fili yake bi, wanda ake kira ta importlib ana cikin aiki kan wuce shi. Ƙara --hidden-import da sunan abin, ka sake haɗawa.

Inda aka fi shan wahala shi ne hotuna da sauran fayilolin da manhaja ke karantawa. Ba sa shiga da kansu, sai ka sa su da --add-data. Ko sun shiga, in da --onefile ka haɗa, wato komai a fayil guda, duk lokacin da aka buɗe exe ɗin yana zazzage kayansa ne a wata jakar wucin gadi mai suna da ya fara da _MEI. Don haka ka nemo hanyarsu ta sys._MEIPASS. Amma karatu kawai za ka yi daga can. Da an rufe manhajar ake share jakar. Ƙanen nawa a nan ya ajiye rumbun bayanan ciniki, da Alhaji ya dawo daga sallar la'asar ya sake buɗewa, lissafin yini guda ya tafi. Ajiye irin wannan a AppData, jakar da Windows ta ware don bayanan manhajoji.

Kafin ka fara ma, tambayi wace Windows ce a shagon. Har yanzu akwai masu Windows 7, kuma Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tafiya a kanta. Exe na Windows kuwa a kan Windows ake haɗa shi, ba a Linux ko Mac ba.