Kurakuran da aka fi yi wajen nuna rubutu da bidiyo a ƙaramin allon Raspberry Pi

Mai shagon cajin waya a ƙauyukan Gumel ko malamin islamiyya a karkarar Bichi zai iya ɗora ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi ta riƙa nuna farashi, lokutan salla ko bidiyon darasi. Da allo ya yi baƙi ko hoto ya fara sarƙewa, sai a ce kwamfutar jabu ce. Da wuya laifin ya zama nata.

Wuta ce kan gaba. Samfurin Pi 4 yana buƙatar bolt 5 da amfiya 3, samfurin Pi 3 kuma amfiya 2.5, amma sai ka ga an jona ta da cajar waya mai amfiya 1 da siririn kebul na kasuwa. Da ƙarfin wutar ya sauka ƙasa da bolt 4.63, kwamfutar za ta rage gudunta da kanta, bidiyo ya riƙa tsayawa, allo yana ƙyaftawa. Kada ka yi ta kirdado. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfutar umarni, ka rubuta vcgencmd get_throttled. Idan amsar 0x0 ce, wuta lafiya lau, in ba haka ba, ko wutar ta gaza ko zafi ya yi yawa. Mai aiki da batirin sola na bolt 12 ya sayi ƙaramar na'urar da ke sauke wuta zuwa bolt 5, mai ɗaukar aƙalla amfiya 3, ya haɗa da gajeren kebul mai kauri. Allo mai inci 7 a ba shi layin wutarsa daban.

Sai sayen allon da bai dace da aikin ba. Allon nan mai inci 3.5 da ake dannawa a kan jerin fil na kwamfutar yana da araha, amma ta wata hanyar aika bayanai da ake kira SPI yake karɓar hoto, hanyar kuwa siririya ce. Yi lissafin da kanka: ɗigo 480 sau 320 ya ba da 153,600, kowane ɗigo yana cin bit 16, wato hoto guda ya kusa bit miliyan biyu da rabi. Ko da layin yana gudun megahaz 32, hotuna 13 kacal za su wuce a daƙiƙa, alhali bidiyo yana son 25 ko 30. Rubutu da agogo za su fito tsaf, amma bidiyo sai ya yi ta ɗingishi. Don bidiyo, nemi allon HDMI mai inci 5 ko 7. A Pi 4 ramukan HDMI biyu ne; yi amfani da wanda ke kusa da ramin wuta.

Shi kansa bidiyon yakan yi wa kwamfutar nauyi. Wayoyi da dama yanzu suna ɗauka a tsarin matse bidiyo na H.265, Pi 3 kuwa tsohon tsarin H.264 take warwarewa cikin sauƙi. Ba hikima ba ne a tura wa allo mai faɗin ɗigo 800 bidiyo mai girman 1080. Rage shi tukuna da wannan umarni, ka sa sunan bidiyonka a gurbin asali.mp4:

ffmpeg -i asali.mp4 -vf scale=800:-2 -c:v libx264 -c:a aac sabo.mp4

Sannan ka kunna shi ya yi ta maimaitawa da cvlc --fullscreen --loop sabo.mp4. Duk bayanin da ya ce ka sa manhajar kunna bidiyo ta omxplayer tsoho ne. An daina tafiya da ita tun fitowar Bullseye, sigar babbar manhajar Pi ta 2021.

Tsohon bayani na janyo wata matsalar kuma. Idan kwamfutar ta riga allon tashi, kamar yadda yakan faru in an tayar da janareta, ba za ta gane akwai allo ba, sai ya zauna baƙi ƙirin. A da, ana gyara wannan a fayil ɗin config.txt da layukan hdmi_force_hotplug da hdmi_mode. A Bookworm, sigar 2023, waɗannan ba sa aiki. Buɗe /boot/firmware/cmdline.txt, ka ƙara video=HDMI-A-1:800x480@60D a ƙarshen layin da ke nan. Kada ka buɗe sabon layi, domin fayil ɗin layi ɗaya tak yake karɓa. In kuma allon yana mutuwa bayan minti goma, kashe Screen Blanking a cikin raspi-config, manhajar saitin Pi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda ake zubar da haruffanmu. Mutum ya rubuta ɓ, ɗ ko ƙ, sai ɗan akwati ya fito a gurbinsu, shi ke nan sai ya haƙura ya koma b, d da k. Allon ba shi da laifi, nau'in haruffan da aka zaɓa ne ba ya ɗauke da su. DejaVu Sans da Noto Sans duk suna da su. In da yaren shirya manhaja na Python kake fitar da rubutun, nuna wa ImageFont.truetype inda DejaVuSans.ttf yake, ka kuma adana rubutun a UTF-8. Ajami da Larabci suna buƙatar ƙarin wata manhaja mai suna libraqm, in ba haka ba haruffan za su fito a rarrabe, kuma daga hagu. A ɗan allon OLED mai ɗigo 128 da 64, layi uku ko huɗu sun isa. In ka ƙanƙanta rubutun, lanƙwasar ƙ da ɗ za ta ɓace. Idan allon OLED ɗin bai kawo haske ba sam, kunna I2C, hanyar da yake magana da kwamfutar, a raspi-config, ka tabbatar wayar allon mai alamar SDA na fil na 3, mai alamar SCL na fil na 5, sannan i2cdetect -y 1 ya nuna maka 3c.

Da bazara, kwamfutar da aka kulle a akwatin roba ƙarƙashin rufin kwano tana iya kai digiri 80, inda take fara rage gudu. Manna mata ƙarfen shan zafi, ka huda akwatin, da hunturu kuma ka riƙa share ƙura da busasshen buroshi. Inda ake yawan ɗauke wuta ba zato, kunna Overlay File System, wanda ke hana rubutu a kan memori, a raspi-config bayan ka gama saiti, don kada memori ya lalace. Ranar da za ka sauya bidiyo ko farashi, kashe shi tukuna, domin duk abin da ka adana yana kunne zai goge da zarar ta sake tashi.