Kurakuran ɗalibanmu a nazarin littafin Ɗayyib Salih

Na gaji da duba takardu masu baki ɗaya. Da zarar an ba ɗalibi "Mausimul Hijra ilash Shamal", ƙagaggen labarin marubucin Sudan Ɗayyib Salih, ya yi nazari, sai ya cika shafuka da Mustafa Sa'id, jigon labarin, da matan da ya yi hulɗa da su a Landan, ya ce Gabas da Yamma ba sa ga maciji, ya rufe. To ina Sudan ɗin?

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne karanta littafin ba tare da an san shekarar 1898 ba. Ba da wasa marubucin ya sa haihuwar Mustafa a Khartum cikin wannan shekarar ba. A watan Satumbarta ne sojojin Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, suka murƙushe mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Karari, daular Mahadi ta faɗi. Yaron ya buɗe ido a ƙasar da aka riga aka ci da yaƙi, makarantar Turawa ta ɗauke shi, ta miƙa shi Alƙahira, daga can sai Ingila. Shi ya sa littafin ya tuno Mahmud Wad Ahmad, kwamandan mayaƙan Halifa, wanda aka kawo gaban Kitchener a ɗaure bayan yaƙin Atbara, baƙon da ya zo mamaya yana tuhumar ɗan ƙasa da ɓarna. Wanda bai san Atbara ba zai wuce wurin nan bai ji komai ba.

Ɗan yayata da nake biya wa kuɗin karatu, a kan wannan aka dawo masa da aikinsa na kammalawa. Malami ya tambaye shi wane ne Mahmud ɗin, ya yi tsuru-tsuru, gumi na keto masa. Ya maimaita zango, kuɗin kuma daga aljihuna. Na ce masa, kai ɗana, kakanninka sun baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna Mai Wurno a bakin Nilu, duk gudun mulkin Nasara, amma a ce tarihin mamaya ne ya kayar da kai? Haka nake faɗa muku ku ma, abin kunya ne. Ni dai kafin ɗalibi ya buɗe shafin farko, sai na sa ya rubuta 1898 da 1956 da 1966 a kwali, ya yi mini bayanin kowacce da baki: faɗuwar Mahadiyya, samun 'yancin kai, da fitowar littafin a mujallar Hiwar ta Beirut.

Kuskure na biyu, raina ƙauyen da ke cikin littafin. Ƙauye ne na arewa a lanƙwasar Nilu, mai dabino, inda injin ban ruwa ke korar sakiyar da shanu ke juyawa. Ba Darfur ba ne, ba kuma Jazira ba. A nan aka tilasta wa Husna, matar da Mustafa ya bari, auren tsoho Wad Rayyis, ta kashe shi ta kashe kanta, kuma a wurina wannan jinin ya fi wanda Mustafa ya zubar a Landan nauyi, domin 'yan gida ne suka jawo shi. Ku lura kuma da abin da wani tsohon ma'aikaci ya faɗa wa mai ba da labarin a jirgin ƙasa: uban Mustafa daga ƙabilar Ababda yake, waɗanda suka yi wa Kitchener jagora, uwarsa kuma an ce baiwa ce daga kudu. Nakan sa a shimfiɗa taswira a tabarma, a bi kogin da yatsa daga Khartum zuwa Dabba kafin a yi magana.

Na uku, kada ku cakuɗa mutane: mai ba da labarin daban, Mustafa daban. Shi na farkon ko suna ba a ba shi ba. Marubucin ma ba Mustafa ba ne, a 1929 aka haife shi a Karmakol. Kuma wanda ya iya Larabci ya daina fakewa da fassarar Turanci, ya karanta hirar Bint Majzub da tsofaffin ƙauye yadda aka rubuta ta.