Ga mai son fara tuƙa bas ta 'yan ziyara a Sakkwato

Wani ƙanena ya same ni shekaranjiya wai an yi mishi tayin tuƙa Coaster na wata ukku, shatar makarantu da 'yan ziyara, shina ta murna wai ai ya shekara shidda bisa hanyar Illela to mi ya rage. Na ce mishi zauna ƙanena, tuƙin dai guda ne amma aikin ba guda ba ne. Fasinjan tasha ka kai shi ya sauka kun rabu ke nan, ko sunanka bai sani ba. Ɗan ziyara kuwa tun sallar asuba kuna tare har isha'i, wani lokaci kwana biyu ko ukku, shi ka cewa a tsaya shi ka cewa a tashi, kuma in an dawo shi za a tambaya yaya direban nan yake. Abin da na hwaɗa mishi shi ne zan rubuta nan.

Farko ka san lokuttan da aikin ke tashi, don ba kullum ba ne. Akwai jigilar maniyyata daga sansanin alhazai zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III da kwaso su in sun dawo, wannan yawanci aikin dare ne da jira, jirgi ba ya tashi don kai ka gaji. Akwai watan Mauludi da bayan Sallah da baƙi ke cika Hubbare, wato inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, akwai ƙarshen zangon karatu da makarantu ke kai ɗalibai yawon buɗe ido, sai kuma bikin kamun kifi na Argungu in an yi shi a shekarar, wajen Fabrairu ko Maris. Tsakanin waɗanga sai ka yi sati ba ka taɓa sitiyari ba, saboda haka kada ka yi faɗa da shugabannin tasharka wai ka samu babban aiki. Ka je ka yi musu sallama da ladabi, wurinsu za ka dawo.

Takardu. Lasin ɗinka ya zama na haya ne, ajin E, ba na B da ake tuƙa motar gida da shi ba, kuma ka duba ranar mutuwarshi tun yanzu kada ya mutu tsakiyar aiki. Takardun mota da inshora ka karanta su da idonka, kada ka yarda da "suna cikin mota". Gwangwanin kashe gobara, alamar nan mai kusurwa ukku da ake ajewa bayan mota in ta lalace, safaya mai iska, jak da wilsifana. 'Yan rod sefti tun 2017 sunka fara kama motocin haya a kan na'urar ƙayyade gudu, ka tambaya ko an sa ta. Dokar bas kilomita 50 ce cikin gari, 80 bisa babbar hanya, 90 in tagwayen hanya ce ta ekspires. Lambarsu ta gaggawa 122, ka aje ta a waya. Ka kuma riƙe takardar sunayen fasinja da lambar wani nasu na gida, musamman in yaran makaranta ne.

Yanzu maganar da ta fi min komi muhimmanci, kuma ita ce matasa ke jin nauyin yi. Kafin ka amshi makulli ka zauna da mai mota ku yi magana dalla-dalla gaban shaida, in da hali a rubuta ko da saƙon WhatsApp ne. Biyan na wata ne ko na kowace tahiya? Ranar da babu shata akwai wani abu ko babu? Kuɗin abinci da wurin kwana in kun kwana Birnin Kebbi wa zai biya? Man gas wa ke saye, kuma in anka ba ka kuɗin mai ya rage, na wa ne? In taya ta fashe, in anka ci tarar mota a kan takarda da ba laifinka ba, in wani yaro ya yaga kujera? Yaron mota kai za ka sallame shi ko shi? Ni shekarar da na fara kunya ta hana ni tambaya, Alhajin abokin babanmu ne, ya ce min "haba ɗana ai ba za mu ɓata ba", to ba mu ɓata ba ɗin amma da aiki ya ƙare sai da anka cire min kuɗin taya biyu da lagireto, abin da ya rage bai kai na wata guda ba, kuma ban da bakin magana tunda ba mu yi da shi ba. Ka ce ranka ya daɗe ina son in san tsarin ne don kada in yi kuskure, babu dattijon kirki da zai ji haushin wannan.

Motar kuma ka nemi kwana guda ka fita da ita babu kowa ciki. Wanda ya saba da Hiace in ya hau Coaster mai ɗaukar mutum wajen talatin zai ga kwana ta canza, gindinta na biyo baya a makare, birki na son tazara, ribas kuwa sai da yaro a ƙasa. Ka shiga da ita cikin tsohon gari wajen fadar Sarkin Musulmi da Hubbare ka ga inda za ka iya juyawa da inda za ka yi fakin, don ranar Juma'a ko ranar da baƙi sunka yi yawa ba lokacin koyo ba ne, ga 'yan kabu-kabu ga Keke ga almajirai. Kowace safiya kafin ka tada inji: ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, fambel, fitilu, iskar taya. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu na wuce digiri 40, kwalta kamar garwashi, tsohuwar taya 'yar Beljiyam ba ta jimrewa. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da anka yi ta, 2319 na nufin sati na 23 na 2019, ka koyi karanta ta. Ka riƙa tahiya da jarkar ruwa, kuma don Allah in mota ta yi zafi kada ka buɗe murfin lagireto nan take. Lokacin hunturu kuma hazo ne matsala, ka kunna fitila ko da rana ce, ka bar obatekin ɗin da ba ka ga ƙarshenshi ba. In an ce motar na da esi to ka gwada, saboda da esi anka yi cinikin shata kuma kai za a zaga in bai yi ba.

Ka ɗan san wuraren da kake kai mutane, ba sai ka zama malamin tarihi ba. Shehu Usmanu ya rasu 1817, Hubbarenshi na nan cikin gari, ɗiyarshi Nana Asma'u ma nan take. Sifawa kusa da Boɗinga nan ya zauna kafin ya dawo Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello Wurno anka rufe shi, 1837, Malam Abdullahi ƙanen Shehu kuma Gwandu. Ɗalibai yawanci gidan tarihi na Waziri Junaidu ake fara kai su. Bikin Argungu 1934 ya samo asali, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara can, kifin kuma a kogin Matan Fada ake kama shi. Baƙo daga Kano ko Ilori zai tambaye ka, abin da ba ka sani ba ka tura shi ga masu kula da wurin kada ka ƙirƙira. Ka kuma tuna musu a cire takalmi, mata su yi lulluɓi, kada a ɗaga murya.

Hanyar gabas, Wurno, Goronyo, balle Sabon Birni inda Alkalawa tsohon birnin Gobir take, kowa ya san halin tsaro da ake ciki. Ka kira direbobin da sunka bi ta da safen nan kafin ka tashi, ka fita da hantsi ka dawo kafin la'asar sakaliya, in sun ce kada a bi to ba a bi, ko shugaban tawaga zai yi fushi ya yi. Wannan hukuncin naka ne don kai ke riƙe da sitiyari.

Mutum guda za ka riƙa jin umurni daga gare shi, malamin da ya jagoranci yara ko amirin tawaga, in ba haka ba kowace Hajiya na da wurin da take son a tsaya ta sai kilishi. Ku tsara wurin sallah da bayan gida tun kafin a tashi, tsofaffi ba su iya riƙewa kamar kai, ka sa musu ɗan benci a bakin ƙofa don matakin Coaster na da tsawo. Duk inda anka sauka a ƙirga kai kafin a tashi, ka ƙirga da kanka ko malam ya ce sun cika, ni na taɓa baro yaro guda shina barci a masallaci sai da munka yi nisa wata yarinya ta ce ba ta ga ƙanenta ba. Lokacin da suke ciki suna ziyara kai kuma ka samu inuwa ka kwanta, kada ka zauna latsa waya ko hira da mai shayi, dawowa ita ce mai haɗari, kowa ya yi barci ya bar ka kai kaɗai da hanya. Bayan awa huɗu na tuƙi ka tsaya ko da kwata ce. Ƙwayar hana barci kuwa ko wa ya miƙo maka ka ce ka gode.

In kun dawo ka zagaya kujeru kafin kowa ya watse, waya, carbi, tabarau, jakar magani, kullum sai an manta wani abu. Ka share mota, ka rubuta man da ka sha da kilomitar da ka yi a ɗan littafi, sannan ka amshi lambar amirin tawagar ka aje, wata biyu kafin Mauludi na gaba ka buga mishi ka gaishe shi.