Zango ɗaya a Italiya: kurakuran da na gaji da ganin ɗalibanmu suna maimaitawa

Duk shekara sai an haɗa ni da wani ƙane ko ƙanwa da za su tafi Perugia ko Siena su yi zangon karatu ɗaya suna koyon Italiyanci, kuma ramin da na bara ya faɗa shi na bana yake faɗawa. Abin wata huɗu ne zuwa biyar. Wanda ya ɓarar da na farko a neman ɗaki da bin takardu, ya ƙarar da sauran a hira da Turanci, zai hau jirgin dawowa ba abin da ya riƙo sai "ciao" da "grazie".

Zan fara da ɗaki, domin shi ne ya ci mini kuɗi. Wani ya haɗa ni da wani dattijo mai gida a tsohon gari, ɗaki da araha, sharaɗinsa ɗaya: ba takarda, kuɗi a hannu. Na ba shi kuɗin ajiya na wata biyu, wanda suke kira caparra, ina ta murna na tsinci dami a kala. Gidan na dutse ne, tagarsa ba ta ganin rana. A Satumba ba ka gane komai. Da Nuwamba ta kama sai bangon bayan gado ya fara baƙi, rigunan da ke cikin durowa suka ɗauki warin danshi, sannan ga takardar kuɗin gas ta iso, ashe kuɗin ɗumama ɗaki ba ya cikin haya. Ranar da zan tashi dattijon nan ya tsaya ya nuna bangon da yatsa, ya ce ni na ɓata masa shi don ba na buɗe taga, saboda haka ajiyata ta tafi a fenti. Da me zan yi ƙararsa? Ko rasit ba ni da shi. Araha ba ta ado.

Ga yadda nake sa kowa ya yi yanzu, ko yana so ko ba ya so. Kada ka tura wa kowa ko sisi daga gida a kan hoton ɗakin da ka gani a Facebook. Ka kama masauki mai sauƙi na mako guda, ka taka da ƙafarka ka je. In ka shiga, ka buɗe durowa ka shinshina, ka janye gado ka duba kusurwa. Ka tambaya "spese incluse?", wato wuta da ruwa da gas suna ciki ko a'a, kuma amsar ta shiga takarda. Ka nemi contratto transitorio, wanda aka tanada domin ɗan gajeren zama, kuma a yi masa rajista a hukumar haraji, Agenzia delle Entrate. Doka ta ba mai gida kwana 30 ya yi hakan. Ka biya ta banki. Ka ɗauki hoton kowane bango ranar da ka tare. Mai gidan da ya ɓata rai don ka nemi waɗannan, ka gode wa Allah da ya nuna maka shi da wuri.

A hukumar nan ce dai ake karɓar codice fiscale, lambar haraji mai haruffa da alƙaluma 16. Kyauta ce, kuma idan ba ita ba haya, ba layin waya, ba asusun banki. Ita ce aikin ranar farko.

Sai takardar izinin zama, permesso di soggiorno. Bizarka ta shigo da kai ne kawai. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba kuma zai wuce kwana 90 dole ya nemi izinin cikin ranakun aiki 8 da isowarsa. Za ka karɓi ambulan mai ratsin rawaya a gidan waya, ka sayi kan sarki na yuro 16 a shagon taba mai babbar alamar T, ka tanadi sama da yuro 100 gaba ɗaya. Za a ba ka rasit da ranar zuwa ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsu. Wannan rasit shi ne shaidarka har katin ya fito, wani ma sai ya kusa komawa gida katin ke fitowa. Ka yi kwafinsa, ka daina cusa shi a aljihun wando.

To, yanzu abin da ke ƙona mini rai. Ɗan'uwa, me ya kai ka Italiya? An biya maka kuɗin jirgi da na makaranta don ka koyi harshe, sai ka samu 'yan ajinku daga Amurka da Jamus da Sin kuka kafa majalisa da Turanci, ku ci tare, ku kwana gida ɗaya, kowace Juma'a kuma a hau jirgi mai arha zuwa Paris ko Barcelona a ɗauko hoto. Awa huɗu a aji ba ta iya ja da awa goma sha biyu na Turanci. Na ga waɗanda suka zo a matakin A1, wato matakin farko na koyon harshe, suka koma a A1, sai tulin hotuna. Kuma kada wani ya ce mini kunya. Wanda ya iya taya kaya a Kantin Kwari ba zai ce yana kunyar tambayar kuɗin tumatir ba.

Maganina, ban ce malamai sun yarda da shi ba. Ka zauna gida ɗaya da Italiyawa ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta. Ka zaɓi shagon kofi ɗaya, ka riƙa zuwa lokaci ɗaya kullum, ka sha a tsaye a kan kanta, domin ya fi arha kuma a nan ake hira. Cikin mako biyu mai shagon zai san ka, ya fara tambayarka daga ina, ya fara gyara maka magana kyauta. In aka juya maka zuwa Turanci ka ce "in italiano, per favore", ka nace. Da yamma ka fita Corso Vannucci, babban titin tsakiyar Perugia, lokacin da gari ke fitowa shan iska, ka cire abin kunne ka saurara. Congiuntivo kuwa, wato sigar aikatau ta fata da shakka, ka ƙyale shi sai ka iya ba da labarin abin da ka yi jiya ba tare da inda-inda ba.

Bahaushe yana da sa'a a harshen nan. Baƙi mai nauyi da ke wahalar da Bature, kamar bambancin nono (na tara) da nonno (kaka), mu mun saba da shi tun daga baba da babba. Inda muke tuntuɓe shi ne p da f, da v da b: fila layi ne, pila batir. Ka tsaya gaban madubi, leɓe biyu su haɗu a p, haƙori ya taɓa leɓe a f, har bakinka ya saba.

Malami, mai gida, ma'aikacin ofis, duk Lei ake ce musu, wato "kai" na girmamawa, a gaishe su da buongiorno, sai in su suka ce a koma tu, "kai" na sabo.

Abinci: kowa ya san prosciutto da salame, amma alade ya fi ɓuya a strutto, kitsen da ake sawa a piadina da wasu burodi, da guanciale na cikin carbonara, da miyar ragù da sau da yawa ake gauraya nama. Risotto kuma galibi da farar giya ake fara shi. Ka karanta bayan leda, ka tambaya "c'è maiale?", wato akwai alade, ka nemi mahautan halal, yawanci ba sa nisa da tashar jirgin ƙasa.

Tikitin bas da na jirgin ƙasa na yanki, in na takarda ne, sai an buga shi a na'ura; "ban sani ba" ba ta hana tara. Ƙananan shaguna suna rufewa da azahar sai wajen ƙarfe 4. Kada ka taɓa kayan marmari a kanti ba safar leda. Shara ana rarraba ta, kowace da ranarta. In ka ji kalmar sciopero, yajin aiki ne, ka duba kafin ka fita.

Wanda kuma zai ɗauki darasi tare da ɗaliban jami'a, ya sani jarrabawa da yawa ta baka ce, gaban malami, sauran ɗalibai suna zaune suna ji. Maki kan 30 ne, 18 ake ci. In kana son takardar shaida da za ka nuna a gida, ka nemi ranar jarrabawar Italiyanci, CELI ta Perugia ko CILS ta Siena, tun makon farko, domin rajista tana rufewa da wuri.