Yadda za ka duba lokacin zuwan bas a Landan

Da ka isa tasha, fara duba allon da ke jikin sandar. Akwai lamba mai alƙaluma 5, ita ce shaidar wannan tashar.

1. Rubuta lambar a saƙon tes, ka tura zuwa 87287. Nan take za a turo maka motocin da ke tafe da mintunan da suka rage. Ana cire ɗan kuɗi.

2. In kana da data, manhajar TfL Go, ta hukumar sufurin Landan, ta fi. Kunna saitin da ke nuna wurin da kake a wayarka, ka taɓa tashar a taswira.

3. Lura da harafin da ke cikin jan da'ira a saman sandar. Tashoshi biyu masu kallon juna kan yi suna ɗaya, harafin ne ke bambanta su, kuma tsayuwa a tsallaken da ba naka ba cikin sanyin hunturu ba daɗi.

Tanadi katinka na biyan kuɗin mota, tun 2014 direba ba ya karɓar tsabar kuɗi.