Yadda Ake Sauya Madugun Hari Bisa Halin da Wasa Yake Ciki a Ƙwallon Amurka

Kakar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, wato NFL, tana farawa a watan Satumba ta ƙare a Fabrairu, saboda haka ta yi daidai da lokacin da muke kawar da gero da gyaɗa a ƙasar Ringim, gonaki su zama fili, yara su samu wurin gudu. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare ta ƙauye, kuma tun da aka tabbatar a 2023 cewa nau'in wannan wasa da ake fizge ƙyalle daga ƙugun mutum maimakon a kayar da shi zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, na fara koya wa ɗalibaina shi da yamma bayan la'asar. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne samun yara biyu da suka cancanci gurbi ɗaya, ɗaya yana da hannun jifa mai daidaito, ɗayan kuma yana da ƙafa kamar barewa. Wannan ya sa na zauna na bi yadda ƙwararru suke tafiyar da irin wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi nake so in shimfiɗa wa 'yan'uwana masu horarwa da masu kallo.

Gurbin da ake magana a kai shi ne na kwatabak, wanda nake kira madugun hari, domin shi yake karɓar ƙwallo daga hannun mai miƙowa a farkon kowane yunƙuri, shi yake faɗa wa sauran mutum goma tsarin da za a bi, shi kuma yake yanke shawarar ko ya jefa, ko ya damƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. Ƙungiyar da take hari tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, idan ta ci sai a sabunta mata wasu huɗun, har ta kai layin ƙarshe inda ake samun maki 6.

Aikin farko, tun kafin a yi zancen sauyi, shi ne ka ayyana wanda yake da ƙungiya, wato babban madugun da ragamar hari take hannunsa, wanda zan riƙa kira mai ƙungiya. Mu a nan mun san ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma tarihin wasan ya nuna haka a fili. A 1971 kocin Dallas Cowboys, Tom Landry, ya kasa zaɓa tsakanin Roger Staubach da Craig Morton, sai ya riƙa karɓa-karɓa da su, har a wasansu da Chicago Bears ya kai ga sauya su bayan kowane yunƙuri guda, wannan ya shiga da umarnin koci a bakinsa, wancan ya fito. Dallas ta fi abokiyar karawarta cin fili nesa ba kusa ba, amma ta yi ta zubar da ƙwallo, aka doke ta da ci 23 da 19, ya zama ta ci wasa huɗu ta faɗi uku. Bayan wannan Landry ya damƙa ragamar ga Staubach shi kaɗai, ƙungiyar ta ci wasa goma a jere, na ƙarshensu shi ne Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na watan Janairun 1972 inda ta doke Miami da ci 24 da 3. 'Yan wasan ba su sauya ba, dabarun ma kusan su ne dai, abin da ya sauya shi ne mutum goma sun san muryar da za su saurara. Na ɗanɗana irin wannan da kaina a wani wasan sada zumunta da makarantar ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, lokacin da na riƙa sauya yaran nan biyu don kada ɗaya ya ji haushi, har yaron da yake miƙo ƙwallo ya zo gefen fili ya rusuna ya ce, “Malam, don Allah muryar wa zan bi?” Laifin nawa ne, domin rashin yanke hukuncina na ɗora wa yara.

Akwai wanda zai kawo hujja da Los Angeles Rams ta 1950, wadda ta raba lokaci tsakanin Bob Waterfield da Norm Van Brocklin ta ci maki 466 a wasa 12, sannan ta ɗauki kofi a 1951. Hujjar gaskiya ce, sai dai mutanen nan biyu suna cikin gwanayen da ake lissafawa a tarihin wasan baki ɗaya, kuma ba kowane manomi ne Allah yake ba shanun huɗa biyu masu ƙarfi ɗaya da taku ɗaya ba. Mafi yawan masu horarwa abin da yake hannunsu shi ne gwani ɗaya da kuma wani mai baiwa ta musamman, kuma da wannan ya kamata a tsara aiki.

Idan ka ayyana mai ƙungiya, sai ka ɗauki takarda ka rubuta yanayin da na biyu zai shiga, kuma ka rubuta shi kafin ranar wasa, lokacin da zuciyarka take kwance. Yanayin da ya fi dacewa shi ne inda ya rage yadi 1 ko 2 a yunƙuri na uku ko na huɗu, da kuma inda aka matso dab da layin ƙarshe. Dalilin yana cikin lissafi. Idan madugu ya damƙa wa mai gudu ƙwallo ya koma gefe yana kallo, to mutum tara ne suka rage su tare masu tsaro goma sha ɗaya, amma idan madugun da kansa ne zai ruga, wancan mai gudun ya zama ƙarin mai share hanya, masu tarewa sun koma goma. Mutum ɗaya a wurin da ake neman taku biyu ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma kusa da layin ƙarshe filin jifa yana ƙuntata, masu tsaro sun cunkushe ba su da bayan da za su ji tsoro, don haka ƙarfin hannu yana raguwa daraja, ƙarfin ƙafa da kafaɗa yana ƙaruwa. Indianapolis Colts ta yi haka a 2020, lokacin da madugunta Philip Rivers ya doshi shekara 40 kuma bai taɓa zama mai gudu ba, sai ta riƙa shigo da Jacoby Brissett, mutum mai jiki, ya tura kansa gaba ya ci ɗan abin da ya rage, ya fita Rivers ya ci gaba da aikinsa. Rivers bai rasa matsayinsa ba, ƙungiya kuma ta samu abin da jikinsa ba zai ba ta ba.

A wannan takarda ka rubuta inda ba za a taɓa sauyi ba. Minti biyun ƙarshe na kowane rabin wasa na mai ƙungiya ne, domin a lokacin ba a tsayawa shawara. Haka nan idan an fi ku da maki da yawa, ko kuma idan hannunsa ya yi zafi yana jefawa ana cafewa a jere, ka bar shi ko da yanayin da ka rubuta ya zo.

Sai batun yawan tsare-tsaren da za a ba na biyu, kuma a nan ra'ayina shi ne a taƙaita, kada su wuce shida zuwa takwas. Lokacin atisaye kaɗan ne, kowane minti da ka ba wannan ka ƙwace shi ne daga wancan, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya fi buƙatar maimaici ma ba tsarin ba ne, ƙananan abubuwa ne da mai kallo ba ya lura da su. Kowane madugu yana da irin kiransa na fara yunƙuri, wani yana jan murya, wani yana yankewa, kuma masu tarewa da kunne suke tashi, idan suka riga kira aka hukunta su da yadi 5, wanda yake mayar da yunƙurin yadi 1 ya koma na yadi 6, ya rushe dalilin sauyin gaba ɗaya. Kowanne yana da inda yake ajiye hannunsa wajen karɓar ƙwallo. Idan ɗayansu bahago ne, ƙwallonsa tana juyawa ta ɓangaren da masu cafewa ba su saba ba. Saboda haka a kowace rana ka ware minti goma na farko, mai miƙo ƙwallo ya yi aiki da su biyun ɗaya bayan ɗaya, kuma ka tilasta musu kira iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya da tazara iri ɗaya.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne shigowar na biyu ta zama sanarwa. Masu tsaro suna nazarin bidiyon wasanninka, idan suka ga duk lokacin da wane ya shigo gudu ake yi, sai su taru a gaba su jira shi. New York Jets ta ɗauko Tim Tebow a 2012 don ya riƙa shiga a madadin Mark Sanchez a irin waɗannan wurare, amma a kakar baki ɗaya sau 8 kawai ya jefa ƙwallo, kowa ya san abin da ya kawo shi, ƙungiyar ta ƙare da cin wasa 6 da faɗuwa 10. Ka gwada wannan da abin da Sean Payton ya yi a New Orleans Saints daga 2018, inda Drew Brees yake da ƙungiya, Taysom Hill kuma yake shiga. Hill yana cafe ƙwallo, yana tare mutane, yana gudu, yana jifa, har a rukunin masu bugun ƙafa yana wasa, don haka ganinsa a fili bai gaya wa kowa komai ba, kuma sau da yawa Brees ba ya ma fita, sai ya koma can gefe ya tsaya a matsayin mai cafewa, dole masu tsaro su aika wani ya kula da shi. Pittsburgh Steelers ta yi makamancin haka da Kordell Stewart a 1995 tana da Neil O'Donnell a matsayin madugu, kuma ta kai wasan ƙarshe a wannan kakar. Abin da zan ba da shawara shi ne a cikin kowane shiga huɗu na na biyu, aƙalla ɗaya ya zama jifa, kuma a yi jifan tun a farkon wasa inda kowa zai gani, ko da ba a cafe ba, domin tsoron da ya bari a zuciyar masu tsaro shi zai buɗe hanyar gudu daga baya.

Shi kansa sauyin yana da ƙa'idojinsa. A NFL daƙiƙa 40 ake bayarwa tsakanin yunƙuri da yunƙuri, koci yana magana da madugu ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ana katse ta idan ya rage daƙiƙa 15, kuma mutum ɗaya kaɗai daga masu hari aka yarda ya kasance da ita a fili, saboda haka idan su biyun za su tsaya tare sai ɗaya ya sa hular da ba ta da na'ura. Sannan idan masu hari suka sauya mutum, alƙalan wasa suna ba masu tsaro damar su ma su sauya nasu, wato ka shigo da mai ƙarfi, su ma su shigo da manyansu. Don haka na biyu ya kasance a tsaye kusa da kai tun yunƙurin da ya gabata, jikinsa da ɗumi, ya riga ya san tsarin da za a kira.

Kada ka yi sauyi nan take bayan mai ƙungiya ya yi kuskure, ko da yanayin ya dace, domin shi da abokansa da 'yan kallo duk za su ɗauka horo ne. Ka zaunar da su biyun tare a farkon mako ka karanta musu takardar, na biyu ya ji cewa aikinsa yana da suna da daraja, na farko ya ji cewa ba a neman kujerarsa. A ƙauye wannan ya fi nauyi, domin maganar ba ta tsayawa a fili, tana kaiwa har majalisar ƙofar gida, kuma na taɓa zuwa da kaina na durƙusa na yi wa mahaifin ɗaya daga cikin yaran bayani, na ce, “Baba, ba cire shi aka yi ba, aiki aka ware masa wanda babu mai iya shi sai shi.”

A filinmu na bayan makaranta dole a gyara wasu abubuwa, domin a wasan ƙyalle na mutum biyar-biyar madugu ba shi da izinin rugawa da ƙwallo kai tsaye, daƙiƙa 7 yake da su ya jefa, kuma idan ya rage yadi 5 zuwa layin ƙarshe an hana gudu, sai jifa. Abin da nake yi shi ne in bar mai hannu a gurbinsa, in tsayar da mai ƙafa a bayansa, a damƙa masa ƙwallo, shi kuma ya duba, idan hanya ta buɗe ya ruga, idan an taso masa ya jefa tun bai ƙetare layin da aka fara yunƙurin daga kansa ba. Iskar hunturu ma tana cikin takardata, domin a rabin wasan da muke fuskantar gabas tana kaɗo mana ƙura a ido, dogon jifa yana lanƙwasa, sai in ƙara yawan shigar mai ƙafa, idan muka juya muka ba ta baya in mayar da komai hannun mai jifa. Ina riƙe da littafi a aljihu ina rubuta kowace shiga ta na biyu, da yadin da ake nema, da ko an samu, kuma bayan wasa uku nakan kwatanta da abin da mai ƙungiya yake samu a irin wannan yanayi idan an bar shi. Tsarin da bai fi nasa ba nakan soke shi, in mayar da mintunansa na atisaye ga karɓar ƙwallo da daidaita kira.