Yadda ake jinyar ƙafa bayan mummunar faɗuwa a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara

Ranar 5 ga Fabrairu 2013, a garin Schladming na ƙasar Austriya, Ba'amurkiya 'yar wasan zamiya Lindsey Vonn ta faɗi tana tsaka da tsere a gasar duniya. Jijiyoyi biyu na gwiwarta ta dama suka tsinke, kan ƙashin ƙwaurinta ya tsage. Aka yi mata tiyata, ta koma atisaye da wuri saboda tana hangen gasar Olamfik ta 2014 a birnin Sochi na Rasha. A watan Nuwamba ta sake faɗuwa, jijiyar da aka gyara ta sake lalacewa, Sochi ta wuce ta, aka sake yi mata wata tiyatar. Sai a Disamba 2014 ta dawo lashe tsere.

Takalmin wannan wasa yana kama idon sawu gam, sillen zamiyar da ake maƙala wa takalmin kuma dogo ne, saboda haka idan ƙafa ta murɗe, gwiwa da ƙwauri ne ke shan wahalar. Irin wannan rauni ana samunsa a haɗarin babur, kuma jinyar kusan ɗaya ce.

Da farko, a tabbatar da abin da ya lalace. Hoton ƙashi yana nuna karaya, amma tsinkewar jijiya sai hoton MRI, wato na na'urar da ke nuna nama da jijiyoyi. Karayar da ta shiga cikin gaɓar gwiwa ba ta mai ɗori ba ce, domin idan ƙashin ya haɗe a karkace, ciwon gaɓa ne zai biyo baya har tsufa.

Na biyu, makonnin farko na yaƙi da kumburi ne. Ka ɗora ƙafar a kan matashi har ta fi ƙirjinka tudu, amma matashin ya zauna a ƙarƙashin dunduniya, ba ƙarƙashin gwiwa ba. Na san tanƙwashe gwiwar ya fi daɗi, sai dai gwiwar da ta saba da tanƙwasa takan ƙi miƙewa daga baya. Ka naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20. Ka riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa don jini ya gudana.

Akwai alamun da ba a jiran wayewar gari a kansu: zafin da ke ƙaruwa duk da magani, yatsu su yi sanyi ko su daina ji, sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, numfashi ya yi wuya, ko wurin ɗinki ya fara ruwa da zazzaɓi. Asibiti kawai, a lokacin.

Na uku, kada ka taka ƙafar sai likita ya ce. Mai tsagewar kan ƙwauri yakan yi mako 6 zuwa 12 bai ɗora mata nauyi ba, karayar ƙwauri kuwa takan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ta haɗe. Sandunan dogarawa a tafin hannu ake ɗora musu nauyi, ba a hammata ba. Wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ce ke gaba, wajen sauka kuma sanduna da mai ciwon. A naɗe tabarma da dardumar da ke kan hanya, a samo kujerar bayan gida, a yi salla a kan kujera ba tare da jin kunya ba. Tsuguno da zaman tahiya su ne na ƙarshen dawowa.

Na huɗu shi ne ainihin aikin, kuma a nan mutane suka fi sarewa. Bayan 'yan makonni za ka dubi cinyoyinka biyu ka ga ɗaya ta tsotse, wandonka na yawo a kanta. Haɗewar ƙashi ba ta dawo da wannan naman. Likitan gashin ƙashi zai fara da ƙaramin abu: kana zaune ƙafa a miƙe, ka danna bayan gwiwa ƙasa, ka ƙirga biyar, ka saki. Sannan ɗaga ƙafa a miƙe, jan dunduniya zuwa mazaunai, keken motsa jiki, tafiya cikin ruwa, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Abin akwai gundura, wata rana har da hawaye. Idan gwiwar ta kwana a kumbure bayan atisaye, ka wuce gona da iri, sai ka rage. Ka ci ƙwai, wake, kifi da kindirmo, ka bar sigari, domin tana jinkirta haɗewar ƙashi. Kada ka kulle kanka a ɗaki. 'Yan dubiya ma magani ne.

Na biyar, komawa dutsen da ake wasan zamiya a kansa. Bayan gyaran jijiyar gwiwa, yawanci wata 9 zuwa 12 ake jira, kuma sai an gwada an ga ƙarfin ƙafar ya kai kashi 90 cikin 100 na 'yar'uwarta. Ranar farko ka kai kayanka a daidaita maka maƙalin takalmi yadda zai saki idan ka faɗi, ka zaɓi gangaren 'yan koyo, ka yi zagaye biyu ko uku, ka sauka tun cinyar ba ta fara rawa ba.